Saƙin Inna a Rigar Filo

Katakon tsakiya na durowar kayana ya karye ne wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina gyaran zogale. Na ji ƙara daga uwar ɗaka kamar an yar da buhun gero. Da na shiga, ƙofa ɗaya ta wangale, kaya sun zubo har bakin gado. Ban yi mamaki ba. Na daɗe da gwiwa nake danna ƙofar nan kafin ta rufu, daga baya ma sai da na koma ɗaure mariƙan biyu da tsohon kallabi. Maigidana ya leƙo, ya dubi tulin, ya ce katakon ya yi ƙoƙari, da shi ne da tuni ya rubuta takardar ajiye aiki. Kafintan da aka kira ya ce ba zai sa guduma ba sai an kwashe komai, kuma in zan ji shawara kada in mayar da fiye da rabi.

Ni kuwa ban iya rabuwa da tufa ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare a nan Azare, kuma duk wanda ya zauna da malamai mata ya san ba ma rabo da anko. Bikin 'yar wance, sunan jikan wance, walimar wadda ta dawo daga Makka, kowanne da atamfarsa. In an gama sha'ani a wanke, a goge, a ninke, a ɗora kan na baya. Haka suka yi ta hawa kan juna har na yi ritaya.

Na shimfiɗa tabarma biyu a falo na fara warewa: wanda zan ci gaba da sawa, wanda zan bayar, sai na ukun da na ce zan yi tunani a kansa. Kafin azahar na ukun ya fi sauran biyun a haɗe. Akwai ankon wani aure da ya mutu tun kafin tela ya gama ɗinka min rigata, ban taɓa sa shi ba, amma na riƙe shi shekara goma sha biyu saboda uwar amaryar aminiyata ce. Akwai riguna biyar ko shida da ko kafaɗata ba sa wucewa, ina ajiye da su don ranar da zan rame. Akwai koriyar atamfar da na saya da albashina na farko, ta koɗe har ba a gane zanenta. Ita kam na zauna da ita a cinya na fi minti goma, ina tuna yadda na taka da ƙafa daga kasuwa zuwa gida don kada ta yamutse a kan acaɓa. Daga ƙarshe na jefa ta a jakar bakko na ja zif da sauri.

Bayar da kaya ma da ƙa'idarsa. Ba a bayarwa a unguwa. Na taɓa ba mai awarar layinmu wani leshi, muka haɗu a gidan biki tana sanye da shi, wata mai bakin tsiya ta ce, a gabanta, ai wannan kamar na Malama ne. Matar ba ta ƙara sa shi ba, kuma ta yi wata guda tana kauce min. Tun daga nan na koyi hankali. Wannan karon wata tsohuwar abokiyar aikina 'yar Shira ta ce in tara mata, za ta kai ƙauyukan wajensu inda babu wanda ya san ni balle kayana. Kwana uku na yi ina wannan aiki, jaka huɗu ta cika, kuma na fara jin daɗin kaina.

A rana ta uku na kai ƙasan durowa, na ɗaga wani tsohon bargo, sai ga rigar filo a ninke, da nauyi. Ba sai na buɗe ba. Na san abin da ke ciki, kuma na san tun ranar Asabar nake kewaye shi.

Saƙin Inna ne, mahaifiyarmu. Baƙin zane irin na da, saƙar hannu, an rina shi har yana ɗaukar ido, da siririn jan zare a bakinsa. Na kakarmu ne, ta bar mata. Inna ba ta ɗaura shi sai da babban dalili, ranar suna ko ranar kai amarya. Da shi ta tsaya a zaure ranar da za a kawo ni Azare, na rungume ta, na iso ɗakin miji da shuni a gaban rigata, don zanen yana zuba. Har yau in an buɗe shi ƙamshin kajiji ne ke fara fitowa.

Ba Inna ce ta ba ni shi ba. Ɗauka na yi.

Shekara tara ke nan da rasuwarta. Mu uku ta haifa: Yaya, wadda ke aure a Misau, sai ni, sai ƙaninmu namiji da ke zaune a gidanmu na Katagum. Matarsa Bafulatana ce daga wani ƙauye kusa da Gadau. Amarya muke ce mata har yanzu, ko da yake babban ɗanta ya fi ta tsawo. Ita ta yi jinyar Inna shekara biyu cur. Ita ke mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu a cokali, su yi ta hirarsu da Fulatanci. Ni da Yaya, 'ya'yan cikinta, sai ƙarshen wata mu zo da lemo da ayaba da shawarwari, mu kwana ɗaya mu juya.

Ranar da ta rasu, bayan sallar asuba aka kira ni. Na je tasha, mota ta ƙi cika. Na ce zan biya kujerun da suka rage, direba ya ce akwai masu kayan da ya yi wa alkawari. Ko da na isa Katagum, maza suna dawowa daga maƙabarta. Ban ga fuskarta ba. Na shiga ɗakinta, an riga an yaye shimfiɗar gado, adakarta tana buɗe saboda an ciro likkafanin da ta saya da kanta ta ajiye. Saƙin yana sama. Babu kowa a ɗakin. Na ɗauka na tura a jakata, na rufe da mayafi, na rataye jakar a ƙusa, na fito na zauna karɓar gaisuwa.

Ba zan ce jahilci ba ne. Ni na koyar da yara cewa da zarar rai ya fita, ko allura mamaci ya bari ta zama ta magada. A lokacin dai abin da na gaya wa kaina shi ne, kowa ya samu ganinta ban da ni, don haka wannan nawa ne.

Washegarin sadakar bakwai aka yi rabo. Malam ya zauna a zaure da maza kan maganar gida da gona, mu kuma aka baje kayan ɗaki a tabarmi a tsakar gida: zannuwa, kwanuka, tasoshi, har da mafici. Kashi huɗu za a yi, biyu na namiji, ɗaya ɗaya namu. Gidan cike yake da mata, dangi da maƙwabta da masu gaisuwar da ba su riga sun tafi ba. Yaya ce ke ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa Yaya, Allah ya ba ta riƙe abu. Za ta iya gaya miki kallabin da kika ɗaura ranar sunan ɗanta na fari. Ta kai ƙasan adaka, ta kife ta, ta ɗago kai.

"Ina saƙin Inna?"

Aka dubi juna. Wata ta ce ko yana wajen wanki, wata ta ce ko Inna ta bayar tun tana da rai. Yaya ta ce wata biyu da suka wuce da idonta ta gan shi.

"To," ta ce, "makullin adakar nan dai shekara biyu a hannu ɗaya yake."

Amarya tana tahowa da tiren ruwa a lokacin. Ta durƙusa ta ajiye shi a gaban tsofaffi, ta miƙe ta koma madafa. Jakata tana rataye a ƙusa, taku goma daga inda nake zaune. Da na tashi na ɗauko ta, da kunyar yini ɗaya ce, a yi min faɗa, a ce zafin rashi ne, a wuce wurin. Ban tashi ba. Abin da na yi ya fi shirun muni. Na ce, "Haba Yaya, a kan tsumma za mu tada hankalinmu, Inna ko kwana goma ba ta yi a ƙasa ba?" Tsofaffi suka yi ta sa min albarka, suna cewa karatu ya yi rana.

Ban taɓa ɗaura zanen ba. Ina zan je da shi? Duk sha'anin da ya isa a sa shi, Yaya tana wurin. Na sa shi a rigar filo na kai ƙasan durowa, na yi ta ɗora masa kaya. Da farko nakan ciro shi in babu kowa a gida in shinshina. Daga baya na daina, don in na taɓa shi ba Inna nake tunawa ba, tiren ruwan nake gani. Ina zargin ba son kaya kaɗai ya hana ni kwashe durowar nan duk shekarun nan ba.

Yanzu ga shi a hannuna, kafinta zai zo gobe, kuma ba shi da gurbi a ko ɗaya daga cikin kashi ukun da na yi. Dabarar farko da ta zo min ita ce in tura shi a jakar Shira da niyyar Allah ya kai ladan kabarin Inna. Har na sa shi, na ja zif. Ban kai ƙofar falo ba na dawo na ciro, don ba a sadaka da kayan wani, kuma kashi uku cikin huɗu na zanen nan ba nawa ba ne. Na yi tunanin in ba direban Misau ya kai wa Yaya a leda, ba saƙo ba suna. Sai na ga Yaya za ta ce Amarya ce tsoron Allah ya kama, ta dawo da shi a ɓoye.

Da la'asar maigida yana shan shayi na ce masa wata mata ce ta kawo min tambaya. Na ba shi labarin daga farko har ƙarshe, na canza garin, na mayar da saƙin sarƙa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce in gaya wa matar, sarƙar ba ita ce matsala ba, wadda aka yi wa ƙazafi ita ce matsala, kuma wajenta za a fara zuwa. Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa in matar tana so ya raka ta Katagum, ranar Laraba ba shi da aiki. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce ba ta buƙatar ɗan rakiya.

Ranar Laraban na tafi ni kaɗai. Damina ta yi nisa, gero ya rufe gefen hanya tun daga bayan Azare har Gadau. Na riƙe jakar a cinya duk tafiyar, ina shirya maganar da zan yi. Na shirya ta da kyau, da gabatarwa da dalilai, irin ta wadda ta saba tsayawa gaban aji.

Na tarar da Amarya a gindin rumfa tana gyaran kifi. Ta yi murna, ta ce Anti ba sanarwa, ta tashi za ta ɗauko tabarma. Na ce ta zauna. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da ita, na ciro rigar filon na zare zanen. Duk jawabin ya gudu. Na ce, "Amarya, ni na ɗauka. Tun ranar da aka binne ta yake wurina. Ranar da Yaya ta yi maganar nan yana cikin jakata."

Hannunta da ƙarnin kifi, ba ta taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe yana nan," ta ce.

Na ce ta yafe min. Ta ce ai ita ba ta da gado a ciki, magada ne za su yafe. Na ce ba zanen nake nufi ba. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da kankare kifin, ta gama da shi ta jefa a roba, sannan ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna ina kallonta tana aikinta, ban san inda zan ajiye zanen ba, don ko'ina da ruwan kifi.

Ƙanina ya dawo daga gona da azahar. Na maimaita masa. Sai a nan na gane bai san komai ba. Ranar rabon yana zaure, kuma shekara tara matarsa ba ta taɓa gaya masa abin da aka ce mata a tsakar gida ba. Mutum ne marar hayaniya, tun yana yaro. Ya dubi matarsa, ya dube ni, ya ciro waya ya kira Yaya, ya buɗe murya ya ajiye a gabana ya ce in faɗa mata da bakina.

Na faɗa. Yaya ta wanke ni tas, irin wankin da rabona da shi tun ina 'yar shekara goma. Ta ce na zauna ina kallo ta ɗauki alhakin baiwar Allah, har ina ba ta haƙuri kamar mutuniyar kirki. Ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Da ta gaji ta ce a ba ta Amarya. Ban taɓa jin Yaya tana roƙon wani ba sai ranar. Amarya ta riƙe wayar da bakin zaninta tana cewa ba komai, Yaya, ya wuce.

Saura zanen. Yaya ta ce a ba Amarya, ita ta fi kowa cancanta. Amarya ta ce ta gode, ba ta so. Aka matsa mata, ta sake cewa ba ta so, da muryar da ta sa kowa ya bar maganar. Ƙanina ya ce to ko a yanka a raba, Yaya ta ce duk wanda ya sa wa saƙin nan almakashi ba ita ba shi. A ƙarshe suka tsaya kan a kai wa tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwar, wadda ita ta wanke Inna, sadaka daga mu uku. Zan faɗi gaskiya, har a lokacin ina jiran wani ya ce tunda ta riƙe shi haka, a bar mata. Babu wanda ya ce. Ƙanina ya ce ni zan kai.

Gidan tsohuwar yana bayan masallaci, ɗaki ɗaya da akuya a ƙofa. Idonta ya yi rauni sosai. Na gaya mata ko 'yar wace ce ni, na ɗora mata zanen a cinya. Ta shafa shi, ta murza bakinsa da yatsa, ta ce wannan na gaske ne, an daina irinsa. Ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, ni ma ta yi min, ta ce Allah ya ba ni masu tuna ni kamar yadda na tuna uwata. Na ce amin, me zan ce? Ta warware shi ta rufe gwiwoyinta, ta ce da ma sanyin damina yana damun ƙafafunta. Na ce mata yana zuba, kada a haɗa shi da farin kaya, kada kuma a sa masa sabulun gari. Ta ce ta san saƙi tun kafin a haife ni. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙara kallonsa sau ɗaya, na fito. Na yi kuka a lungun, ba mai yawa ba, na share fuska kafin in kai titi.

Bayan la'asar na yi shirin komawa. Amarya ta sa hijabi ta rako ni zaure, riƙe da leda. Jikina ya yi sauƙi, har na fara jin kamar na yi abin kirki. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Anti, na ji daɗi da kika zo," ta ce. "Da ma dai Innata tana raye."

Ban gane ba. Ta ce ai mahaifiyarta tana cikin matan da ke tsakar gida ranar rabon, ta zo gaisuwa daga ƙauye, tana zaune a bakin rijiya. Da ta faɗa sai na gan ta a raina, 'yar siririyar tsohuwa da ƙwarya a gefenta.

"Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce mata komai ba. Amma tun daga ranar, duk zuwan da na yi gida, in zan tafi sai ta ce in kawo jakata ta gyara min shirin kaya. Sai ta fito da komai, ta duba, ta mayar."

Shekara biyu ke nan da mahaifiyar tata ta rasu. Na je ta'aziyyarta har ƙauyen, na zauna kusa da Amarya a tabarma, na ba ta haƙuri, aka dama min fura na sha.

Amarya ba ta jira amsata ba. Ta miƙo min ledar, ta ce busasshen kifi ne da kuka, in gai da maigida da yara. Na karɓa da hannu biyu. Ta koma ciki, na ji tana kiran 'yarta ta kwashe shanya kafin hadari ya iso.